Me ya sa waya ke tsallake faɗuwa goma, ta fashe a ta sha ɗaya?

Duk rumfar gyaran waya da ka zauna a Katsina, ba za ka daɗe ba sai wani ya shigo da wannan ƙorafin: "Injiniya, wallahi ba daga wani sama ta faɗo ba, daga kan kujera ta zame." Ya miƙa wayar, fuskarta ta dare tun daga kusurwa har tsakiya. Ya ƙara da cewa wayar nan ta sha faɗowa daga kan babur, yara sun sha yin jifa da ita, ko gezau ba ta taɓa yi ba. Mai gyara ya jujjuya ta ya ce, "Alhaji, tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa." Daga nan sai ciniki.

Tsautsayi gaskiya ne, amma yana da hanyar da yake bi, kuma ana iya gane hanyar. Abin ya dame ni ne saboda waya ta zama jari a hannun mutane da yawa. Mai POS da ita yake tabbatar da shigar kuɗi, mai sayar da atamfa da turare daga cikin gida a WhatsApp take baje kolinta, ɗalibin Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a cikinta yake karanta abin da malami ya turo. Idan fuskar ta mutu, sana'a ko karatu ne ya tsaya, ga kuɗin gyara da kan ci wani babban kaso na kuɗin wayar kanta.

Mu fara da abin da ke faruwa a lokacin da waya ta taɓa ƙasa. Wadda ta suɓuce daga tsayin mita 1, wato daidai ƙugun babban mutum, tana isa ƙasa kafin rabin daƙiƙa, da gudun kusan kilomita 16 a awa. Daga kunne kuwa, mita 1.5, gudun ya kusa kilomita 20 a awa. Wannan ba wani gudun a-zo-a-gani ba ne, mai keke ma yana yin sa. Abin tambaya shi ne, a cikin wane tazara wayar za ta tsaya cak? A kan tayil babu inda za ta nutsa, ita da tayil ɗin duka ba sa lotsawa sai ɗan abin da bai wuce milimita 1 ba. Lissafin mai sauƙi ne: abin da ya faɗo mita 1 ya tsaya cikin milimita 1, ƙarfin da ya dake shi ya ninka nauyinsa sau 1,000. Wayar giram 200 ke nan ta ji kamar an ɗora mata kilo 200, na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Idan a rairayi ta faɗa ta nutsa santimita 1, ƙarfin ya koma kamar kilo 20. Tsayi ɗaya, waya ɗaya, amma bambancin ninki goma ne.

Akwai labarin da ya zagaya duniya wanda ya fito da wannan a fili. Ranar 5 ga Janairun 2024, wani ɓangaren jikin jirgin Alaska Airlines ƙirar Boeing 737 MAX 9 ya ɓalle jim kaɗan bayan tashinsa daga birnin Fotland na Amurka, yana tsayin kusan ƙafa 16,000. Iska ta zuƙe kayan fasinjoji ta watsar. Bayan kwana biyu aka tsinci wata iPhone a gefen hanya, tana aiki, fuskarta lafiya lau. Mutane suka yi ta cewa lallai wannan waya ƙarfe ce. Abin da ya cece ta biyu ne. Na farko, abu mai faɗi marar nauyi idan yana faɗowa iska na tare shi, gudunsa ya kai wani iyaka ya daina ƙaruwa, ko daga ƙafa dubu ya taso ko daga dubu goma sha shida. Na biyu, a cikin ciyayi ta sauka. Irin wannan wayar ce dai ke darewa idan ta faɗo daga kan tebur ta daki kankare.

To ka dubi yadda gidajenmu suka canza. Tsakar gidan da a da rairayi ake zubawa, ɗaki kuma daɓe ne da tabarma ko leda, yanzu a sababbin unguwanni tayil ne tun daga falo har banɗaki, harabar gida kuma intalok. Masallatai ma farfajiyarsu da wurin alwala duk an yi musu tayil, kuma a nan ne wayar aljihun gaba ke zamewa da zarar mutum ya sunkuya wanke ƙafa. Wayoyin sun ƙara zama gilashi, ƙasar da suke faɗawa ta ƙara tauri.

Yanayin saukar ma yana da nasa hukunci. Idan waya ta faɗi da bayanta shimfiɗe, bugun ya bazu ko'ina, sau da yawa ta tsira. Idan da kusurwa ta sauka, duk ƙarfin nan ya taru a wuri ɗaya, firam ɗin ya lotsa ya tura gefen gilashi, gefen kuwa shi ne mafi rauni domin nan aka yanka shi. Mafi muni ita ce ta kife a kan kwalta ko tsakuwa, inda tsinin dutse ɗaya tak ya ishe ta. Shi ya sa ranar hawan sallah, idan ka ga matasa a Ƙofar Soro sun ɗaga wayoyi sama da kawunansu suna ɗaukar dawaki cikin turereniya, ka san duk wadda ta suɓuce daga sama da mita 2 za ta taso, ƙasa kuma ba ciyawa ke jiran ta ba. Ta kan babur kuma tata ta fi haka, domin ta riga ta ɗauki gudun babur ɗin. Ba sau ɗaya take dukan titi ba, tana ta wuntsilawa ne tana goguwa har ta tsaya. Aljihun gefe na kaftani kuwa, da zarar an ɗaga ƙafa za a hau babur ko an zauna a matse cikin kurkura, bakinsa yake buɗewa.

Duk wannan bai amsa ƙorafin Alhaji ba tukuna. Shi daga kan kujera tasa ta faɗo, bayan ta tsallake waɗanda suka fi wannan. Amsar tana cikin halin gilashi.

Gilashi yana jure matsi ƙwarai, amma ba ya jure ja. Kuma ba ya lanƙwasa ya zauna kamar ƙarfe ko roba, ko dai ya koma yadda yake ko ya tsage. Wani injiniya ɗan Ingila, A. A. Griffith, ya nuna a wata takarda da aka buga a 1921 cewa abin da ke karya gilashi tun bai kai ƙarfinsa na ainihi ba shi ne 'yan ƙananan tsagogi da ke fuskarsa, waɗanda ido ba ya gani. Idan aka ja gilashin, ƙarfin ya taru a bakin tsagar ya buɗe ta, ta ruga har ƙarshe. Duk wanda ya taɓa sayen yadi a Babbar Kasuwa ya ga irin wannan. Ka kama shadda da hannu biyu ka ja iya ƙarfinka, ba za ta yage ba. Mai shago kuwa sai ya ɗan tsaga bakinta da almakashi, ya ja sau ɗaya, ta tafi fyat har ɗaya gefen. Ƙarcen da ke fuskar wayarka shi ne wannan ɗan tsagin almakashin.

Masu ƙera gilashin waya sun san da haka, kuma dabararsu ta burge ni. Kamfanin Corning na Amurka, mai Gorilla Glass, wanda gilashinsa ya fara fitowa a kan iPhone ta farko a 2007, yana tsoma gilashin ne cikin narkakken gishirin fotasiyam mai zafin kusan digiri 400. A cikin gilashin akwai ƙwayoyin sodiyam ƙanana. Su sai su fita, na fotasiyam da suka fi su girma su shiga gurbinsu. Da gilashin ya huce, saman fuskarsa ya kasance a cushe, kowace ƙwaya na danne 'yar'uwarta. Wannan cunkoson ne ke riƙe bakin kowace tsaga a rufe. Kafin tsaga ta buɗe, sai bugun ya fara cin ƙarfin matsin nan tukuna. Sai dai shimfiɗar siririya ce, kaurinta bai wuce na silin gashi ba, gilashin gaba ɗayansa ma bai kai milimita 1 ba. A can tsakiyarsa kuma akasin haka ne, a ja yake, domin dole matsin waje ya sami abin da zai daidaita shi. Duk ranar da ƙarce ya yi zurfin da ya ratsa shimfiɗar waje ya taɓa tsakiyar, gilashin da kansa zai taimaka wajen tsaga kansa.

Me ke ƙarce shi? Mutane kan zargi makulli da sulalla, alhali su galibi ba su kai gilashin tauri ba. A ma'aunin Mohs, da ake jera ma'adinai daga 1 zuwa 10 gwargwadon wanda ke ƙarce wani, gilashin waya yana wajen 6. Ma'adinin kwats yana 7, kuma shi ne mafi yawan abin da ke cikin rairayi. Ƙurar hunturu ma akwai shi a ciki. A garin da ke bakin Sahel kamar Katsina, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Rairayi yana cikin aljihu, yana ƙasan jaka, yana kan benci da tabarmar da ake kife waya a kai. Mutum ya ga ƙura ta rufe fuskar wayarsa, ya kama gefen riga ya murza da ƙarfi, bai san samfefa ya goga mata ba. Rairayin da ke ceton waya idan ta faɗa cikinsa, shi ne kuma ke cin ta a hankali tun tana aljihu.

Haka kowace faɗuwa da wayar ta "tsira" tana iya barin nata tabon, ɗan ɓantare a gefe ko ɗan rami da ba a lura da shi ba. Wayar Alhaji ba a ranar ta fara fashewa ba. Watanni ta yi tana tara rauni, faɗowa daga kujerar ta zo ta ja daidai inda tsagar take.

A nan ne wasu ke cewa ai wayoyin zamanin da sun fi inganci, a dawo mana da Nokia. Gaskiya ne sun fi jure faɗuwa, amma ba don an fi tsoron Allah a wancan zamanin ba. Nokia 3310 da ta fito a 2000 nauyinta giram 133 ne, Nokia 1100 ta 2003 ko giram 100 ba ta kai ba. Manyan wayoyin yau suna tsakanin giram 180 da 240, kuma ƙarfin bugu yana tafiya ne da nauyi. Sikirin ɗin waɗancan ɗan mitsitsi ne, yana can ciki a bayan tagar roba. Sannan ka tuna yadda suke yi idan sun faɗi: murfi ya yi gabas, batir ya yi yamma, madannai su fito. Wannan tarwatsewar ita ce ke kwashe ƙarfin bugun. Ka tsince, ka haɗa, ka kunna, ka saita agogo. Wayar yau an like ta da gam ta zama dunƙule ɗaya, babu abin da zai fita, sai bugun ya zagaya cikinta ya nemi inda ya fi rauni. Kusan duk gabanta gilashi ne har bakin firam. Masu tsada kuma har bayansu gilashi ne, musamman tun da cajin da ba ya buƙatar jona igiya ya yaɗu, domin ba ya ratsa bayan ƙarfe. Ga masu lanƙwasasshen gefe irin wanda Samsung ta yayata da Galaxy S6 Edge a 2015, inda gilashin ya zagayo daidai wurin da ke fara dukan ƙasa. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne ka ga Itel ko Tecno mai bayan roba ta tashi lafiya daga faɗuwar da za ta farfasa bayan wayar da ta ninka ta kuɗi sau biyar. Tsada tana sayen kyamara da sauri da hasken sikirin, ba lallai ta sayi juriya ba.

An taɓa gwada kauce wa gilashin ma. A 2015 Motorola ta fitar da Droid Turbo 2 da fuskar roba mai hawa-hawa, ta yi alkawarin ba za ta fashe ba. Ba ta cika fashewa ba kuwa, amma tana saurin ƙarcewa. Abu mai taushi ba ya tsagewa amma yana ƙujewa, mai tauri ba ya ƙujewa da wuri amma yana tsagewa, kuma har yau tsakanin waɗannan biyun masu ƙira ke ta neman madaidaici.

Sai rubuce-rubucen da ke jikin kwali, waɗanda mai shago kan nuna maka da yatsa. Corning ta ce Gorilla Glass Victus na 2020 ya jure faɗowa daga mita 2 a kan wuri mai tauri da kaushi a gwajinta. Da ta fitar da Victus 2 a 2022, sai ta ce mita 2 a kan abin da ke kwaikwayon kwalta, amma mita 1 a kan mai kwaikwayon kankare. Ka lura, su da kansu sun raba tsayin biyu saboda canjin ƙasa kawai. Apple ta ce gilashin Ceramic Shield na iPhone 12 ya ninka na baya sau huɗu wajen jure faɗuwa. Ban ce ƙarya suke yi ba. Amma gwajin ɗaki ne, da sabon gilashi, ba wanda ya yi hunturu biyu a aljihu ba. Kuma kamfanin waya yana iya sayen gilashi mai kyau ya sa siriri, ko ya ɗora shi a firam mai rauni.

Wanda ya fi ruɗar mutane shi ne "gwajin soja", da ake rubutawa MIL-STD-810 a kan wayoyi da rigunansu. Kundin gwaje-gwaje ne na ma'aikatar tsaron Amurka. A bugun kundin da ake kira 810G, gwajin faɗuwa shi ne a saki kaya sau 26 daga tsayin santimita 122, a kan kowace fuska da gefe da kusurwa, bisa katako mai kaurin santimita 5 da aka shimfiɗa a kan kankare. An kuma yarda a raba faɗuwar 26 tsakanin samfura har biyar. Katako yana lotsawa, ba shi da tsinin tsakuwa. Sannan ba sojan Amurka ne ke gwada wayarka ya buga mata hatimi ba, kamfanin ne ke yi ko ya biya wani ɗakin gwaji ya yi masa. Shi kuwa IP68 ba ruwansa da faɗuwa ko kaɗan: lamba 6 ta ƙura ce, 8 ta nutsewa a ruwa. Faɗuwa ɗaya ma tana iya ɗaga gam ɗin da ke hana ruwan shiga, mai waya bai sani ba sai damina ta faɗa masa. Haka "9H" da ke jikin kwalin sikirin gad, ma'aunin taurin fensir ne, ba na Mohs ba. Abin da yake nufi kawai shi ne fensir mafi tauri bai ƙarce shi ba. Rairayi kuwa zai ƙarce shi.

Alamar da na fi ganin amfaninta sabuwa ce. Tun daga 20 ga Yunin 2025, Tarayyar Turai ta wajabta wa wayoyin da ake sakawa a kasuwarta wata takardar shaida mai nuna, cikin wasu abubuwa, yawan faɗuwar da samfurin ya jure daga mita 1. Ajin A na wadda ta jure 270 ko fiye ne, B 180, C 90, D 45. Amfaninta shi ne ma'auni ɗaya aka yi wa kowa, sai a iya kwatanta wannan da waccan. Dokar ba ta shafi Najeriya ba, amma idan irin wayar da kake so ana sayar da ita a can, kana iya neman ajinta a intanet kafin ka biya.

Gilashin da ya dare shi ne ake gani, amma ba kullum shi ne babbar asara ba. Fuskar waya hawa uku ce a manne: gilashin sama, sai shimfiɗar da ke jin taɓawa, sai allon da ke nuna hoto. Allon nan ya fi na saman laushi, shi ya sa wani lokaci gilashi yana nan garau amma baƙar tawada ta ɓullo a kusurwa tana yaɗuwa, ko layuka kore su tsaya daga sama har ƙasa. Can ciki kuma akwai fanel, inda aka like ƙananan IC, wato 'yan guntayen da ke tafiyar da aikin wayar, da ɗaruruwan ɗigon dalma. Idan wayar ta ɗan lanƙwasa a lokacin bugu, ɗigo ɗaya na iya tsagewa ba tare da ya rabu ba. Sai bayan mako biyu ko uku, zafi da sanyi sun buɗe tsagar, waya ta fara ɗauke sabis ko ta ƙi caji ko ta riƙa mutuwa da kanta, mai ita ya manta ma ta taɓa faɗuwa. Idan ka kai gyara, ka faɗa wa injiniya gaskiya cewa ta faɗi, ka rage masa lalube. Kyamarar manyan wayoyi ma akwai ɗan gilashin da ke lilo a cikinta don hana hoto rawa, kuma bugu na iya maƙale shi. A 2021 Apple ta gargaɗi masu ɗaura iPhone a kan babur mai ƙarfin inji cewa jijjigar kaɗai na iya lalata wannan tsarin.

Batir ne wurin da nake roƙon kada a yi wasa. A cikin batirin lithiyam, leda ce siririya ƙwarai ta raba ɓangarori biyu da bai kamata su haɗu ba. Idan bugu ya lotsa shi ledar ta huje, zai iya yin zafi, ya kumbura, har ya kama wuta, kuma ba dole a ranar ba. Ga zafin Katsina na watan Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40. Duk wayar da bayan faɗuwa ka ga murfinta ya ɗago, ko sikirin ya fara rabuwa da firam, ko tana zafi ba dalili, a daina yi mata caji, kada a kwana da ita a kan katifa, kada a danna murfin a ce zai koma. Fawa bank ya fi waya haɗari ta wannan fuskar, domin kusan dukansa batir ne, yana da nauyi, kuma shi aka fi wurgarwa ba tausayi tunda ba shi da gilashin da zai nuna ya ji ciwo.

Sauran na'urori kowa da nasa. Iyafis ba shi da nauyin da zai cutar da kansa, ɓata ce matsalarsa. Tabulet faɗin gilashinta ya sa tana saurin lanƙwasa, ga shi yara aka fi ba. Laftof kuwa a duba irin ma'ajiyarta. Tsofaffi da yawa da ake kawowa na hannu suna da faifai mai juyawa sau 5,400 a minti, da ɗan hannu da ke shawagi dab da fuskarsa. Idan ta faɗi tana kunne, hannun ya daki faifan, aikin shekaru na iya tafiya. SSD kuwa, wato ma'ajiya ta zamani, babu abin da ke motsi a cikinsa, kuma sa shi a madadin faifan ba wuya. Ɗalibin da ke rubuta furojet ya fi kowa buƙatar jin wannan.

To rigar waya da sikirin gad fa, suna aiki? Suna yi, amma kowanne da abin da yake karewa. Riga tana ƙara wa wayar tazarar tsayawa da muka yi lissafi a baya, milimita 1 ta koma 2 ko 3, ƙarfin bugu ya ragu gwargwado. Abin dubawa a jikinta biyu ne: kusurwoyi masu kauri da taushi, da baki da ya ɗan ɗara gilashin tsayi ta yadda idan ka kife wayar a tebur fuskarta ba ta taɓa shi. Siririyar riga mai tauri da ƙyalli ado ce kawai. Wadda ta tsufa ta saki, har waya na fita daga cikinta a lokacin bugu, a canza ta. A riƙa cire ta kuma ana kakkaɓe rairayin da ke taruwa a ciki yana cin bayan wayar. Sikirin gad babban aikinsa shi ne karɓar ƙarce a madadin gilashin asali, kuma bayan abin da muka gani game da tsaga, wannan aiki ne babba a garinmu. Yana kuma tare tsinin tsakuwa. Amma idan waya ta daki kusurwa firam ya lotsa, ba abin da zai iya. Fashewarsa ma ba kullum take nufin ya ceci sikirin ba, domin ya fi shi rauni, yana fashewa a inda na asalin zai jure. Duk da haka, da ya tsage a cire a sa sabo.

Idan ƙaddara ta riga fata, hoto yana fitowa amma taɓawa ta mutu, kada a yi gaggawar yarda a goge wayar. Yawancin wayoyin Android suna karɓar linzamin kwamfuta ta ɗan mahaɗin OTG, a buɗe makulli da shi a kwashe lambobi da hotuna kafin a miƙa ta gyara. A sani kuma garantin da aka saba bayarwa ba ya ɗaukar fashewar da faɗuwa ta jawo. Wasu kamfanoni kan yi tayin canza sikirin sau ɗaya cikin wani ɗan wa'adi, sai a tambaya tun ranar saye, a ajiye rasit. A ranar ce kuma ya kamata a tambayi kuɗin sikirin ɗin wayar da ko ana samun sa a gari, domin na AMOLED ya fi na LCD tsada nesa ba kusa ba, wani ma sai an aika Farm Centre a Kano ko Computer Village a Legas.

Akwai kukan da ke biyo bayan gyara: "Wanda ta zo da shi ya yi shekara biyu, wannan ko wata bai rufa ba." Sikirin ɗin canji hawa-hawa ne. Akwai na asali da aka ciro daga wata wayar, akwai kwafi mai kyau, akwai mai arha wanda gilashinsa bai sha wancan wankan gishirin yadda ya kamata ba, har akwai LCD da ake sa wa wayar da asalinta AMOLED ce, ya fi kauri, ya ɗan fito sama da firam. Mai gyara na kirki zai jera maka su ya faɗi kuɗin kowanne, kai ma ka tambaya kafin a buɗe wayar. Sannan akwai abin da ake yawan tsallakewa saboda sauri, wato firam ɗin da ya lotsa ko ya karkace a faɗuwar farko. Idan aka manna sabon gilashi a kan karkataccen firam, tun daga ranar yana cikin ja, ɗan bugu kaɗan yake jira. Kafin a sa gam, ka ce wa injiniya ya ɗora firam ɗin a kan gilashin kantarsa ya danna kusurwoyin ɗaya bayan ɗaya. Idan yana rawa, a fara miƙe shi, a goge lotsawar da ke kusurwa, ko a sayi sikirin da ke zuwa haɗe da nasa firam.